Renon furen okid a tsakuwar yumɓu da ruwa a gindin mazubi

Mafi yawan furannin okid da ake reno a cikin gidaje ba tsirran ƙasa ba ne tun asali. A dazuzzukan da suka fito, suna maƙale ne a jikin rassan bishiyoyi ko a kan duwatsu, saiwoyinsu a fili, ruwan sama ya jiƙa su sharkaf, iska ta biyo baya ta tsane su. Ba sa tsotsar komai daga jikin bishiyar, wurin zama kawai suka mayar da ita. Dangin okid yana da jinsuna kimanin 28,000, abin da ya sa yake cikin dangogin tsirrai masu fure mafi girma a duniya, kuma wanda aka fi sayarwa a cikinsu, wato Phalaenopsis, asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya ne, daga Filifin da Indonesiya har zuwa arewacin Ostireliya. Duk wanda ya ɗauko irin wannan tsiro ya sa a tukunya, ya ɗaukar wa kansa nauyin samar wa saiwarsa abubuwa biyu a lokaci guda, wato danshi da iska, kuma su biyun ba su cika zama wuri ɗaya cikin sauƙi ba. Tsarin reno a tsakuwar yumɓu da ɗan ruwa a gindin mazubi ƙoƙari ne na haɗa su, kuma na yi imani tsari ne mai kyau matuƙa, muddin an fahimci yadda saiwar take rayuwa kafin a taɓa ta.

Idan mutum ya ɗauki saiwar Phalaenopsis mai lafiya ya duba ta da kyau, zai ga tana da kauri da tauri, launinta fari-fari mai sheƙi kamar azurfa idan ta bushe, bakinta kuma kore shar mai santsi. Farin da ake gani wani lulluɓi ne na matattun ƙwayoyin halitta da suka jeru hawa-hawa, wanda masana tsirrai suke kira belamen. Cikinsa duk kafofi ne da iska ta cika, kuma da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya zuƙe shi cikin 'yan daƙiƙoƙi, iskar ta fita, farin ya ɓace, koren da yake ƙarƙashi ya bayyana. Koren nan ba ado ba ne, domin saiwar okid tana sarrafa hasken rana ta yi abinci kamar yadda ganye yake yi. A can tsakiya kuma akwai wani siririn zare mai ƙarfi wanda ta cikinsa ruwa da abinci suke hawa zuwa ganye. Koren bakin shi ne inda saiwar take tsawo, shi ne kuma wuri mafi rauni a jikinta: idan aka ƙuje shi, ko gishiri ya ƙone shi, ko ya bushe, sai girman ya tsaya cak har sai ta sake fitar da wani reshe.

An saba cewa yawan ruwa ne yake kashe okid, kuma maganar tana da gaskiya a cikinta, amma ba ta kai ga tushen lamarin ba. Saiwa halitta ce mai numfashi, tana buƙatar iskar oksijin dare da rana, ita kuwa oksijin tafiyarta a cikin ruwa ta fi tafiyarta a cikin iska nawa da kusan ninki 10,000. Saboda haka abin da yake kashe saiwa shi ne shaƙewa, ruwa kuwa hanya ce kawai da shaƙewar take biyowa. Ɓawon itacen da aka fi shuka okid a cikinsa yana da kafofi manya lokacin da yake sabo, amma cikin shekara 1 zuwa 2 sai ya fara ruɓewa yana marmashewa, ƙananan ɓurɓushi su toshe kafofin, ruwa ya riƙa kwanciya a tsakaninsu. Haka ma busasshiyar ciyawar fadama da ake kira sfagnum, tana dunƙulewa ta danne idan ta daɗe. A irin wannan hali mai reno yakan shiga tsaka mai wuya: idan ya ba da ruwa saiwa ta shaƙe, idan ya hana tsiro ya yi yaushi. Daga nan ne aka samo shawarar nan ta a bari tukunya ta bushe kafin a sake ban ruwa, wadda a haƙiƙa dabara ce ta buɗe wa iska hanya, ba wai don tsiron yana son ƙishirwa ba.

Tsarin da nake magana a kansa ya kauce wa wannan matsala ta hanyar amfani da abin da ba ya ruɓewa. Wani mai renon okid a Amurka, Ray Barkalow, shi ne ya yaɗa shi a tsakanin masu sha'awar furen, kuma fasalinsa mai sauƙi ne. Ana samun mazubin roba mai ɗan tsayi wanda gindinsa a rufe yake, a yi huda biyu kusa da juna a gefensa, kowace mai faɗin kamar milimita 6, a tsayin santimita 2.5 daga gindi. A cika shi da tsakuwar yumɓu, a dasa tsiron a sama. Idan aka zuba ruwa, rarar za ta fita ta hudojin, abin da yake ƙasa da su kuma ya zauna a matsayin ajiya. Amfanin yin huda biyu maimakon ɗaya shi ne idan tsakuwa ko saiwa ta toshe ɗaya, ɗayar tana nan tana aiki. Na fi son mazubi mai garau wanda ake ganin cikinsa, domin kusan duk abin da mai reno yake buƙatar sani game da lafiyar tsironsa a jikin bangon mazubin zai gan shi.

Ita tsakuwar, wadda aka fi sani da LECA, yumɓu ne da ake gasawa a cikin wata doguwar tanda mai juyawa a zafin da ya kai kimanin digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyas. A wannan zafi iskar da take cikin yumɓun takan kumbura shi, ya fito ƙwallo-ƙwallo, ja-ja ko ruwan ƙasa, waje da tauri, ciki kuma cike da ƙananan kafofi. Tun farko ba don shuka aka ƙirƙiro irinta ba, don gini ne, domin a sami kankare marar nauyi, kuma Stephen Hayde na birnin Kansas a Amurka ya sami haƙƙin mallakar hanyar yin ta a 1918. Abin da ya sa ta dace da okid shi ne tana jan ruwa daga ajiyar da ke ƙasa zuwa sama, daga ƙwallo zuwa ƙwallo ta wuraren da suka taɓa juna, kamar yadda lagwani yake jan mai a fitila, alhali manyan giɓin da suke tsakanin ƙwallayen suna nan a buɗe, iska tana kai da komo. Ta haka saiwa take samun danshi a jikin tsakuwar da iska a tsakaninta, kuma wannan yanayi ba ya canzawa da tsufa kamar na ɓawon itace. Girman da aka fi amfani da shi yana tsakanin milimita 8 zuwa 16, kuma ƙarfin jan ruwan ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka yana da kyau a gwada: a cika mazubi babu tsiro, a jiƙa, a ga iya inda danshin yake tsayawa bayan kwanaki.

Sabuwar tsakuwa tana zuwa da jar ƙura da ragowar sinadarai, don haka sai an wanke ta har ruwan ya fita fes, sannan a jiƙa ta aƙalla kwana ɗaya ko biyu ana canza ruwan. Busasshiyar tsakuwa ba a dasa komai a cikinta, domin maimakon ta ba saiwa ruwa, ita ce za ta tsotse na saiwar.

Ga inda gizo yake saƙar. Saiwar okid, yayin da take tsawo, tana gina ƙwayoyin jikinta ne daidai da wurin da ta tsinci kanta. Wadda ta girma a iska tana da lulluɓi mai kauri da tsarin riƙe ruwa, wadda ta girma a ɓawon itace ta saba da jiƙewa da bushewa bi da bi, wadda kuma ta girma a danshi mai ɗorewa tana da tsarin da ya dace da hakan. Da zarar wani sashe na saiwa ya gama ginuwa, ba ya sake canza fasali. Ma'anar wannan ita ce, duk lokacin da aka ɗauke tsiro daga wani yanayi zuwa wani da ya bambanta da shi sosai, tsofaffin saiwoyin ba za su yi aiki yadda ya kamata ba, kuma da yawansu za su mutu sannu a hankali ko da an yi komai daidai. Abin da zai ceci tsiron shi ne sababbin saiwoyin da za su tsiro su ginu a cikin sabon wurin. Mutane da yawa da suka gwada tsarin suka yi watsi da shi, suna cewa tsakuwar ta ruɓar musu da tsiro, a ganina ba tsakuwar ce ta yi ɓarnar ba, lokacin da suka zaɓa ne bai dace ba. Sun mayar da tsiro yana cikin hutu, tsofaffin saiwoyi suka mutu, sababbi kuma ba su da niyyar fitowa sai bayan watanni, tsiron ya zauna babu abin shan ruwa alhali ruwa yana kewaye da shi.

Saboda haka ka'idar da nake ɗauka a matsayin ta farko, wadda ta fi siffar mazubi da nau'in taki muhimmanci, ita ce kada a mayar da okid cikin tsakuwa sai an ga sababbin saiwoyi sun fara ɓullowa daga gindin tsiron kansa. Ba ƙaruwar tsawon tsofaffin saiwoyi ake nufi ba, ko da yake ita ma alama ce mai kyau. Ana nufin ƙananan ƙusoshi kore da suke huda jikin tsiron su leƙo, tsawonsu bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba. A Phalaenopsis, wanda yake girma sama a kan kara ɗaya, suna fitowa ne daga tsakanin ganyen ƙasa, galibi idan yanayi ya yi ɗumi bayan an gama fure. A irin su Cattleya da Oncidium, waɗanda suke tafiya gefe suna fitar da sabon toho daga gindin tsohon, saiwoyin daga sabon tohon suke fitowa, kuma akwai jinsunan Cattleya da ba sa yin saiwa sai sau ɗaya a shekara, a wani ɗan taƙaitaccen lokaci. Wanda ya kuskure wannan lokaci gara ya haƙura ya jira zagayowarsa, ko da kuwa tsakuwarsa tana jiƙe tana jira. Tsiron da aka saya yana cikin fure shi ma a bar shi ya gama, sai dai idan abin da yake ciki ya riga ya ruɓe yana wari, wanda a nan barinsa ya fi cire shi haɗari.

Ranar da za a yi aikin, a fara jiƙa tukunyar na ɗan lokaci domin jiƙaƙƙiyar saiwa tana lanƙwasuwa, busasshiya kuwa karyewa take yi. A zare tsiron a hankali, a tsince duk wani ɓawo ko ciyawa da ya maƙale, musamman a can tsakiya ƙarƙashin gindi, inda sau da yawa ake samun wani dunƙule da aka reni tsiron a cikinsa tun yana ƙarami. Wannan dunƙule idan aka bar shi a cikin danshi mai ɗorewa, daga nan ruɓa take farawa. Sai a bi saiwoyin ɗaya bayan ɗaya ana matsawa da yatsa. Wadda take da tauri tana da rai ko da launinta rawaya ne ko fari fat, domin rashin haske ne ya hana ta kore. Wadda ta yi laushi tana fitar da ruwa, ko ta zama fanko lulluɓinta yana saluɓewa ya bar zare kawai, ta mutu, a yanke ta da almakashi mai tsabta. Daga nan a zuba tsakuwa har ta wuce hudojin, a ɗora tsiron, a riƙa zuba saura ana ɗan bubbuga gefen mazubin don ƙwallayen su zauna ba tare da an danna su da ƙarfi ba. Abu biyu ne ba a sakaci da su: tsofaffin saiwoyi kada su kai cikin ruwan ajiya, gindin tsiron kuma ya tsaya daidai saman tsakuwa, kada a binne shi. Idan tsiron yana girgiɗi, a kafa masa sanda a ɗaure, domin bakin sabuwar saiwa da yake gogar tsakuwa a duk lokacin da aka motsa mazubi ba zai daɗe yana girma ba.

Makonnin da suke biyo baya su ne na gwajin haƙuri. Ganye yana iya ɗan yin laushi, na ƙasa ma yana iya yin rawaya ya faɗi, kuma ta jikin mazubin za a ga wasu tsofaffin saiwoyi suna komawa ruwan ƙasa. Hannu zai riƙa ƙaiƙayin a tone a duba, amma kowace tonawa tana karya bakin sababbin saiwoyin da ake jira, ta mayar da hannun agogo baya. Abin da ya fi amfani shi ne a ajiye tsiron a wuri mai ɗumi, mai haske ba na rana kai tsaye ba, mai ɗan danshi a iska don ganye ya rage asarar ruwa. Idan komai ya tafi daidai, wata rana za a ga wani koren baki ya danno jikin bangon mazubin daga ciki, yana bin gefen ƙwallo, ya lanƙwasa ya nufi ƙasa. Irin wannan saiwa takan fi ta iska santsi da haske, kuma idan ta isa ruwan ajiya sai ta shige ciki ta ci gaba da girma, har ta kewaye gindin mazubin. Wannan ba abin tsoro ba ne. Saiwar da ta shiga ruwa da kanta ta gina jikinta don zaman ruwa, ba ɗaya take da wadda aka tsoma da hannu ba. Sai dai daga wannan lokaci ta zama amana, domin idan aka bar ajiyar ta ƙafe na tsawon lokaci, ita ce za ta fara wahala.

Ban ruwa a wannan tsari yana da hanyarsa, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a riƙa ƙara ɗan ruwa kawai don cika ajiya. Hanyar da ta dace ita ce a zuba ruwa da sauri har ya cika mazubin zuwa baki, sannan a bar shi ya tsiyaye ta hudojin. Yin haka yana jiƙa tsakuwar gaba ɗaya, yana wanke gishirin da ya taru, yana kore tsohon ruwan ajiya da dattin da saiwa ta fitar, kuma yayin da ruwan yake sauka yana jawo sabuwar iska a bayansa. Tun da tsakuwar ba ta toshewa, yawan yin hakan ba ya shaƙe saiwa, kuma tsiron da yake cikin girma yakan nuna jin daɗinsa idan ana yi masa a kai a kai. Abin lura ɗaya shi ne tsakiyar ganyen Phalaenopsis, inda sabon ganye yake fitowa: ruwan da ya kwanta a nan ya kwana yana iya ruɓar da kan tsiron, kuma tsiro mai kara ɗaya idan kansa ya ruɓe, da wuya ya koma yadda yake. A yi ban ruwa da safe, abin da ya shiga tsakiya kuma a tsane shi da takarda mai laushi.

Matsalar da ta fi damun masu wannan tsari, bayan ta lokaci, tana can a saman mazubi. Ruwan da tsakuwa take jawowa daga ƙasa yana ƙafewa ne a sama, ruwan ya bi iska, gishirin da yake ɗauke da shi kuma ya zauna. Da tafiya ta yi tafiya sai a ga farin gari ko ɓawo-ɓawo a kan ƙwallayen sama. A wurin da iska take a bushe, ko mazubin ya cika tsayi, danshin ba ya ma kaiwa sama, sai a sami layi a bayyane, ƙasa da shi tsakuwa ta yi duhu don jiƙa, sama da shi kuma ta bushe ƙamas. Abin takaici shi ne wannan busasshen sashe mai gishiri shi ne wurin da kowace sabuwar saiwa za ta fara taɓawa. Bakinta ya taɓa ƙwallo, ƙwallon ya tsotse ruwansa, gishiri ya ƙone shi, sai a wayi gari koren ya zama baƙi ya tsuke. Ruwa ba ya tsami banza: duk wanda ya ga sababbin saiwoyinsa suna tsayawa da zarar sun taɓa tsakuwa, ya fara binciken saman mazubinsa. Maganin yana cikin yawaita wankewa, da zaɓar mazubi gajere, da jiƙa saman a kullum a lokacin da saiwoyi suke fitowa, ko rufe saman da ƙananan duwatsu marasa tsotsar ruwa don rage ƙafewa. Ƙwallayen da gishiri ya riga ya kama sosai a kwashe su a sa sababbi, domin abin da ya shige cikin kafofinsu wanki ɗaya ba ya fitar da shi.

Tun da tsakuwar ba ta da abincin da za ta bayar, duk abin da tsiron zai ci daga ruwan ban ruwa yake zuwa. Okid ba mai ci da yawa ba ne, a daji ɗan abin da ruwan sama ya wanko daga jikin bishiya shi yake samu, don haka taki kaɗan a kowane ban ruwa ya fi taki mai yawa jefi-jefi. Naitirojin kashi 25 zuwa 50 cikin miliyan ya wadatar idan ana ban ruwa sau da yawa, wanda sau tari bai wuce rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalin taki ba. Takin ya zama cikakke, mai ɗauke da kalsiyam da magnisiyam da ƙananan sinadarai, musamman ga mai amfani da ruwan sama ko tataccen ruwa, waɗanda ba su da waɗannan ma'adinai. Akwai wani haɗi da aka samar a Jami'ar Jihar Mishigan a Amurka don irin wannan ruwa, mai lambobin 13-3-15, wato kason naitirojin da fosfet da fotash da suke cikinsa, tare da kalsiyam da magnisiyam, kuma masu renon okid da dama sun dogara da shi. Ma'aunin tsami na pH ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5, domin idan ya haura sosai ƙarfe da wasu sinadarai sukan ƙi narkewa, saiwa ta kasa ɗaukar su ko da suna cikin ruwan. Ruwa mai yawan ma'adinai yana saurin tara farin ɓawo, wanda kuma aka tausasa da gishirin sodiyam bai dace da okid ba ko kaɗan.

Akwai kuma batun sanyi, wanda ba a cika ambatonsa ba alhali yana kashe tsirrai da yawa a ɓoye. Duk inda ruwa yake ƙafewa yana tafiya da zafi, don haka jiƙaƙƙiyar tsakuwa takan fi iskar ɗakin sanyi, kuma bambancin yana ƙaruwa idan iskar a bushe take ko fanka yana kaɗawa. Ga jinsunan da suke son sanyi-sanyi wannan alheri ne. Ga Phalaenopsis kuwa, wanda ya fi walwala tsakanin digiri 18 zuwa 29, saiwa mai sanyi kuma a jiƙe saiwa ce da aikinta ya ragu, cuta kuma ta sami ƙofa. Mai reno a wuri mai sanyi zai amfana da ɗora mazubin a kan shimfiɗar lantarki mai ɗumama gindin tukunya, musamman a watannin farko bayan dasawa, domin ɗumin gindi yana gaggauta fitar saiwa ƙwarai. Wannan bai saɓa wa buƙatar tsiron ta ɗan sauƙin zafi kafin fure ba, domin Phalaenopsis yana fitar da karan fure ne idan ya yi makonni a ƙasa da digiri 25 ko kusa da haka, zafin da ya wuce 28 kuma yana hana shi. Ɗan sauƙin zafi daban, gindi mai sanyi ƙarara daban.

Ba kowane okid ne ya dace da tsarin ba, kuma ban ga amfanin tilasta wa wanda bai dace ba. Phragmipedium, wanda da yawa daga jinsunansa suke tsirowa a gefen rafuka da jikin duwatsu masu tsattsafar ruwa a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, yana cikin waɗanda suka fi karɓarsa. Oncidium da danginsa masu siraran saiwoyi su ma sukan yi kyau. Vanda da Tolumnia, waɗanda suke son saiwarsu ta bushe da wuri, sun fi dacewa da kwando ko jikin katako. Masu zubar da ganye su shiga hutu, irin su Catasetum, suna buƙatar a zubar da ajiyar a bar su a bushe har sabon toho ya yi saiwa.

Game da cututtuka, ƙwayoyin da suke ruɓar da saiwa, irin su Pythium da Phytophthora da Fusarium, sun fi samun galaba a kan saiwar da ta riga ta raunana da sanyi ko shaƙewa ko ƙunar gishiri, don haka gyara yanayi ya fi neman magani. Abin da ba shi da magani shi ne cututtukan bairas, waɗanda suke yaɗuwa ta ruwan jikin tsiro a bakin almakashi ko ta ruwan da aka yi tarayya a kansa. Saboda haka a gasa bakin almakashi a wuta tsakanin tsiro da tsiro, kada a tara ruwan da ya tsiyayo daga wani mazubi a zuba wa wani, kuma tsakuwar da aka cire daga tsiro marar lafiya gara a zubar da ita. Wasu suna barbaɗa garin kirfa a kan saiwar da aka yanke, amma kirfa tana busar da nama mai rai, wurinta yankan ganye ne ko kara. Gansakukar da take yin kore a cikin mazubi mai garau ba ta cin saiwa, alama ce kawai ta haske da taki, kuma sa mazubin a cikin wata tukunya mai duhu yana rage ta.

Bayan shekara biyu ko uku, tsiron da ya karɓi tsarin zai cika mazubinsa da saiwa har ƙwallayen su haɗe su zama dunƙule ɗaya, wani lokaci ma su toshe hudojin, ruwa ya riƙa jinkirin fita. A nan ne ake ganin ribar abin da ba ya ruɓewa, domin ba sai an warware saiwoyi an kakkaɓe tsohon ɓawo ba. Ana zare dunƙulen gaba ɗaya, a wanke shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a cire matattun saiwoyin da hannu ya kai gare su, a sa shi a mazubin da ya ɗan fi na da faɗi, a cike gefe da jiƙaƙƙiyar tsakuwa. Saiwoyin da suke cikin ruwan ajiya a mayar da su daidai zurfin da suke, waɗanda suke sama kuma a bar su a sama, kuma ko wannan aikin mai sauƙi ya fi kyau a yi shi lokacin da sababbin saiwoyi suka fara leƙowa daga gindi.